Shin Amurka ta kori 'yan luwaɗi daga aikin soja? Asalin rigimar da inda ta tsaya

Tun ƙarshen watan Janairun 2025, da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wani umarni game da waɗanda za su iya aikin soja a Amurka, maganar da ta yi ta yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp ita ce wai an fatattaki 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo daga rundunar ƙasar. Wasu na murna, wasu na mamakin yadda aka yi ma aka taɓa barin su. Shin hakan aka yi? A'a. Umarnin bai shafe su ba. Tun ranar 20 ga Satumban 2011 suka samu damar sa kaki ba tare da ɓoye halinsu ba, kuma umarnin bai taɓa wannan damar ba. Abin tambaya a nan shi ne: yaya aka yi rundunar da ta shafe shekaru aru-aru tana korar mutane saboda wannan dalili ta zo ta daina, kuma me aka gani bayan ta daina?

Abubuwan da ake cakuɗawa

Gida biyu ne ake yi wa kuɗin goro. Na farko maza masu sha'awar maza da mata masu sha'awar mata. Na biyu kuma masu sauya jinsi, wato wanda aka haifa namiji amma yake ɗaukar kansa mace, ko akasin haka, wani har da shan magani ko tiyata. Umarnin da Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Janairun 2025 a kan gida na biyu yake, kuma ranar 6 ga Mayun shekarar Kotun Ƙoli ta ba ma'aikatar tsaro damar fara aiki da shi kafin a gama shari'a. Maganar masu sauya jinsi ta daɗe tana kwan-gaba kwan-baya: gwamnatin Obama ta buɗe musu ƙofa a 2016, Trump ya sanar da rufewa a 2017, Biden ya buɗe a 2021, Trump ya sake rufewa a 2025. Ta gida na farko kuwa tun 2011 ba ta motsa ba.

Sai maganar yin aikin a fili, wadda ita ma ake yi wa gurguwar fahimta. Ba a ba kowa izinin lalata a bariki ba. Dokar sojan Amurka tana hukunta hafsan da ya ƙulla soyayya da na ƙasa da shi, tana hukunta cin zarafi da fitsara a bainar jama'a, ko da wa aka yi. Abin da ya sauya shi ne soja zai iya faɗin ko shi wane ne, ya ajiye hoton wanda yake zaune da shi a kan teburinsa, ya rubuta sunansa a matsayin wanda za a sanar idan ya mutu a fagen daga, ba tare da aikinsa ya tafi ba.

Yadda aka faro

Korar ta girmi tsarin mulkin ƙasar. A watan Maris na 1778, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, an kori wani laftanar mai suna Frederick Gotthold Enslin daga sansanin Janar George Washington bisa laifin yunƙurin luwaɗi. Amma a wancan zamanin aikin ake hukuntawa. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu likitocin ƙwaƙwalwa suka shigo cikin tantance sababbin sojoji, aka fara ɗaukar ita kanta sha'awar a matsayin cuta da ke hana mutum shiga. Dubbai aka sallama da wata takarda mai launin shuɗi, wadda ba ta ce ka yi laifi ba, ba ta kuma ce ka yi aiki cikin mutunci ba, amma duk wanda ya gan ta ya san abin da ake nufi.

A 1975 wani saja na sojan sama, Leonard Matlovich, wanda ya je Vietnam sau uku ya kuma samu lambobin yabo, ya rubuta wa shugabansa takarda da kansa ya faɗi halinsa don ya ƙalubalanci dokar. An kore shi, hotonsa ya fito a bangon mujallar Time. A kan dutsen kabarinsa a birnin Washington an rubuta cewa lokacin da yake soja an ba shi lambar yabo saboda ya kashe mutum biyu, an kuma sallame shi saboda ya so mutum ɗaya. Ganin ƙararraki na ƙaruwa a kotuna, sai ma'aikatar tsaro ta ƙara ɗaure ƙa'idar a 1982, ta ce kai tsaye luwaɗi da aikin soja ba sa haɗuwa. A wannan lokacin tun a takardar neman shiga ake tambayar mutum.

Sulhun 1993

Bill Clinton ya yi alƙawarin ɗage haramcin a yaƙin neman zaɓen 1992. Da ya hau mulki sai ya tarar da bango. Janar Colin Powell, hafsan hafsoshin ƙasar, ya ƙi. Sanata Sam Nunn, ɗan jam'iyyar Clinton ɗin kuma shugaban kwamitin harkokin soja a Majalisar Dattawa, shi ma ya ƙi, har ya kai sanatoci da 'yan jarida cikin jiragen yaƙi na ruwa don su ga irin matsin da ma'aikatan jirgin ke kwana a ciki. Cibiyar bincike ta RAND, wadda ma'aikatar tsaro ta sa ta nazarci batun, ta ce za a iya ɗage haramcin ba tare da illa ba in shugabanni suka tsaya. Ba a bi shawararta ba.

Abin da aka cimma shi ne tsarin da aka yi wa laƙabi da "kar a tambaya, kar a faɗa". Clinton ya sanar da shi a watan Yulin 1993, majalisa ta mayar da haramcin doka a ƙarshen shekarar, aka fara aiki da shi a watan Fabrairun 1994. An cire tambayar daga takardar shiga. Amma abu uku na iya korar soja: in ya aikata, in ya faɗa da bakinsa, ko in ya yi yunƙurin auren jinsi. Kwamanda ba zai buɗe bincike ba sai ya samu "sahihin bayani".

Duk matsalar tana cikin wannan sahihin bayanin. Wane ne zai kawo shi? Tsohon abokin da aka ɓata da shi, maƙwabci, abokin aiki mai neman muƙaminka, ko wanda ya ci karo da wasiƙarka. Manjo Mike Almy na sojan sama ya shafe shekara 13 yana aiki, bai taɓa faɗa wa kowa komai ba; saƙonninsa na imel aka bincika a wata kwamfuta a Iraƙi, aka raba shi da aikinsa. Shi ya riƙe nasa ɓangaren alƙawarin, hukuma ce ba ta riƙe nata ba. Kafin 1993 haramcin ƙa'ida ce ta ma'aikata wadda shugaban ƙasa zai iya gogewa da alƙalami. Bayan sulhun ya zama dokar majalisa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da shekara 17 suka bari

Fiye da sojoji 13,000 aka sallama a ƙarƙashin wannan tsari. A 2005 ofishin GAO, mai bin diddigin kuɗin gwamnati a madadin majalisa, ya ƙiyasta cewa a shekaru goman farko an kashe kusan dala miliyan 190 wajen ɗauka da horar da waɗanda za su maye gurbinsu. Fiye da 300 daga cikin waɗanda aka kora sun iya harsunan da rundunar ke nema ido rufe, irin su Larabci da Farisanci da Koriyanci, a daidai lokacin da take yaƙi a Iraƙi da Afghanistan tana kukan ƙarancin tafinta. Laftanar Dan Choi, wanda ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta West Point ya kuma iya Larabci, ya faɗi halinsa a talabijin a 2009, aka sallame shi a 2010.

Akwai wani lissafi da ya fi kowane bayyana gaskiyar lamarin. A 2001 an kori fiye da mutum 1,200. Da yaƙi ya kankama aka shiga neman sojoji, sai adadin ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 500 a 2009. In da gaske kasancewarsu na rusa runduna, ai a lokacin yaƙi ya kamata a fi korarsu. Sai ga shi lokacin ne kwamandoji suka fi kau da kai.

Mata ne suka fi shan wuya. Su kusan kashi 15 cikin 100 ne na rundunar, amma sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka kora, wasu shekarun ma fiye. Ƙungiyoyin lauyoyin da ke kare sojoji sun tattara labarai masu kama da juna: namiji ya nemi mace ta ƙi, ko ta kai ƙararsa kan cin zarafi, sai ya ce ai 'yar maɗigo ce, bincike ya juyo kanta. Da yawa sun gwammace su yi shiru.

Sai jini. A watan Oktoban 1992, tun kafin a fara wannan tsari, wani abokin aikinsa ya lakaɗa wa ma'aikacin jirgin ruwan yaƙi Allen Schindler duka har lahira a garin Sasebo na Japan saboda ɗan luwaɗi ne. A watan Yulin 1999 aka kashe Barry Winchell, matashi ɗan shekara 21, da sandar wasan ƙwallo yana barci a barikin Fort Campbell da ke jihar Kentucky, bayan watanni ana yi masa gori da tsangwama bisa zargin ɗan luwaɗi ne. Soja a irin halinsa ba shi da inda zai kai kuka, domin kai ƙarar masu tsangwamar tamkar tona wa kai asiri ne.

A nan ne nake ganin mai karatu Bahaushe ya kamata ya ɗan tsaya. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a Musulunci da kuma a koyarwar mafi yawan majami'un ƙasarmu sananne ne, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Amma addinin da ya haramta aikin shi ne ya haramta bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya kuma tanadi hukunci ga mai ƙazafi. Tsarin da ke raba mutum da abincinsa bisa tsegumi da leƙen wasiƙu, ya bar yaro a kashe shi a kan gadonsa, ba abin da mai imani zai yi wa tafi ba ne, ko da kuwa yana ƙyamar abin da ake zargin mutumin da shi.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan haramcin ba mahaukata ba ne, kuma ba duka ne ƙiyayya ke ingiza su ba. Babbar hujjarsu ita ce haɗin kan ƙaramin rukuni. Soja ba ma'aikacin ofis ba ne da zai tashi ƙarfe huɗu ya koma gida. Yana kwana ɗaki ɗaya da abokan aikinsa, banɗaki ɗaya, rami ɗaya, wata da watanni, kuma bai zaɓi ko ɗayansu ba. In ana raba ɗakin maza da na mata saboda sha'awa, in ji su, me zai sa a tilasta wa namiji ya tuɓe gaban namijin da ka iya sha'awarsa? Suka ƙara da cewa rundunar ta 'yan sa-kai ce, kuma kaso mai yawa na masu shigarta daga jihohin kudu da karkara suke, gidaje masu riƙo da addini. In iyaye suka daina turo 'ya'yansu fa? Wasu sun fito da hujjar tarbiyya ƙarara: Janar Peter Pace, hafsan hafsoshi a 2007, ya ce a ganinsa aikin rashin ɗa'a ne kuma bai kamata rundunar ta amince da shi ba. A 2009 tsofaffin janar-janar da manyan hafsoshin ruwa fiye da 1,000 suka sa hannu a wasiƙar neman a bar dokar yadda take.

Masu neman a soke sun ce tambayar da ake yi tun farko ba daidai ba ce. Ba a taɓa samun lokacin da babu irin waɗannan mutane a rundunar ba. Suna nan a ɗakin kwanan da banɗakin da ake magana. Abin da dokar ta ƙara kawai shi ne ƙarya. Tsohuwar hujjar cewa abokan gaba za su iya yi musu barazanar tonon silili su karɓi sirrin ƙasa, ita ma juyawa take yi: ɓoyewar da doka ta tilasta ce ke ba mai barazana makami. Sun kuma tuna da 1948, lokacin da Shugaba Harry Truman ya ba da umarnin daina ware baƙaƙen fata a soja, aka yi ta cewa runduna za ta wargaje, ba ta wargaje ba. Powell, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya ƙi wannan kwatance a 1993, ya ce launin fata daban, ɗabi'a daban. A 2010 ya dawo ya goyi bayan sokewa, yana cewa zamani da tunanin mutane sun sauya.

Sun sauya ɗin kuwa. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta jaridar Washington Post da tashar ABC ta nuna kashi 44 cikin 100 ne suka yarda a bar su su yi aiki a fili a 1993. A watan Disambar 2010 sun kai 77. A tsakani, a 2003, Kotun Ƙoli ta soke dokokin jihohin da ke hukunta luwaɗi tsakanin baligai.

Yadda aka soke

Ranar 2 ga Fabrairun 2010 hafsan hafsoshi na lokacin, Admiral Mike Mullen, ya gaya wa Majalisar Dattawa cewa abin da ke damunsa shi ne tsarin yana tilasta wa matasa maza da mata su yi ƙarya game da kansu kafin su kare 'yan ƙasarsu. Ya ce magana ce ta gaskiya da riƙon amana, tasu da ta rundunar. Sakataren tsaro Robert Gates ya kafa kwamiti ƙarƙashin babban lauyan ma'aikatar, Jeh Johnson, da Janar Carter Ham, wanda daga baya ya shugabanci rundunar Amurka mai kula da Afirka. An aika wa sojoji 400,000 tambayoyi, kimanin 115,000 suka amsa. Kashi 70 cikin 100 sun ce sokewar za ta yi amfani, ko ta zo da amfani da illa a gauraye, ko ba za ta sauya komai ba. Kusan kashi 69 sun ce sun taɓa aiki da wanda suke kyautata zaton ɗan luwaɗi ne ko 'yar maɗigo, kuma 92 cikin 100 na waɗannan ba su ga aikin rukuninsu ya lalace ba.

Ba kowa ya gamsu ba. A cikin sojojin kundumbala na Marine da ke fagen daga, kusan kashi 60 sun hango illa, kuma shugabansu Janar James Amos ya roƙi a dakata. Sanata John McCain ya yi tsayin daka har ƙarshe. Amma a watan Satumba wata alƙaliyar tarayya a California, Virginia Phillips, ta riga ta yanke cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma Gates ya fi tsoron kotu ta tilasta sauyin dare ɗaya a kan a yi shi cikin tsari. Majalisar Wakilai ta amince a soke dokar da ƙuri'a 250 da 175, Majalisar Dattawa da 65 da 31, Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disambar 2010. Aka ɗauki wata tara ana wayar da kan sojoji kafin sokewar ta fara aiki.

Bayan an buɗe ƙofa

Ficewar dubban sojoji da aka yi hasashe ba ta faru ba. Janar Amos da kansa ya faɗa, wata biyu bayan sauyin, cewa abin ya wuce lami lafiya. Ba a gina banɗakuna daban ba. An bar wa kwamanda ya warware ƙorafin ɗakin kwana in ya taso. Majalisa ta kuma sa a doka cewa ba za a tilasta wa malamin addini na soja, fasto ne ko limami, ya ɗaura auren da ya saɓa wa aƙidarsa ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 da ya sa gwamnatin tarayya ta amince da auren jinsi, ma'auratan jinsi ɗaya suka fara samun kuɗin gida da kulawar asibiti kamar sauran iyalan sojoji. A 2016 Eric Fanning, wanda bai ɓoye halinsa ba, ya zama sakataren rundunar sojan ƙasa.

Waɗanda aka riga aka kora su ne aka bari a baya. Takardar sallamar da yawansu tana ɗauke da dalilin korar, kuma ita ake nunawa wurin neman aiki. Wasu sun rasa tallafin karatu da na asibiti. Sai a 2024 Biden ya yi afuwa ga waɗanda kotun soja ta hukunta kan saduwa bisa yardar juna, ma'aikatar tsaro kuma ta gyara takardun mutum fiye da 800. Abin lura kuma: dokar 2010 ta goge haramcin ne kawai, ba ta rubuta musu haƙƙin shiga soja ba. Kariyar da suke da ita mafi yawanta ƙa'idar ma'aikata ce, abin da ya sa rigimar masu sauya jinsi ke tayar musu da hankali.

Amurka ma ba ita ta fara ba. Holan ta ɗage nata haramcin tun 1974, Kanada da Ostireliya a 1992, Isra'ila a 1993. Birtaniya sai da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke mata hukunci a 1999 kafin ta ɗage a watan Janairun 2000. Firaminista Rishi Sunak ya nemi gafarar waɗanda aka kora a 2023, aka kuma ware fam miliyan 75 na diyya. Koriya ta Kudu kuwa, ƙawar Amurka ta kusa, dokar sojanta na tanadar ɗaurin da ya kai shekara biyu, kuma kotun tsarin mulkinta ta sake tabbatar da ita a 2023.

Ina ya shafe mu?

Da wuya a samu ƙasar da sojanta ya riga dokarta da jama'arta gaba a wannan batu, kuma Najeriya tana can ɗaya gefen. Sashe na 81 na Dokar Rundunonin Soja ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 7 kan luwaɗi. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi shekara 14 kan auren jinsi, ga kuma dokokin shari'ar Musulunci a jihohin arewa 12. Sababbin ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya amince da su a watan Disambar 2024 sun sake jaddada haramcin. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya samu kashi 7 cikin 100 ne kawai na 'yan Najeriya ke ganin ya kamata al'umma ta amince da luwaɗi. Sauyin da aka yi a Washington bai da wani iko a kan barikin Jaji ko Maimalari.

Wanda abin ya shafa kai tsaye shi ne ɗanmu da ke zaune a Amurka da takardar zama ta dindindin, wanda doka ta ba shi damar shiga sojan ƙasar. Ba wanda zai nemi ya sauya aƙidarsa, kuma yana da 'yancin yin sallarsa ko zuwa cocinsa. Amma mai ba shi umarni ko wanda za su kwana ɗaki ɗaya zai iya kasancewa ɗan luwaɗi da bai ɓoye ba, kuma ƙin bin umarninsa ko tsangwamarsa laifi ne da ake hukuntawa. Hafsan Najeriya da aka tura kwas Amurka ko Birtaniya zai zauna aji ɗaya da irin waɗannan abokan aiki, alhali shi dokar sojan gida ce ke kansa har ya dawo.